Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Kamata a Sa Tsakanin Kwamfuta da Sifikun Situdiyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin tace sautin ƙananan finafinai da tallace-tallacen rediyo a wani ɗaki da na kama, kuma kwanan nan na sayi sifikun situdiyo guda biyu ƙirar Yamaha HS5. Na jona su da laftof ta ramin hedifon, amma akwai wani zuuu da ba ya yankewa, sannan duk sanda zan rage ƙara sai na tashi na leƙa bayan kowace sifika. Wani abokin aikina ya ce DAC zan saya, wani ya ce firiyam, mai shago kuma ya ce in haɗa da amfilifaya. Nakan ɗauki murya jefi-jefi. Wanne ne ya dace da ni? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da shawarar mai shago, domin ita ce za ta iya jawo maka asara. Sifikun da ka saya suna da amfilifaya a cikinsu, shi ya sa kowace ɗaya take da wayar wutarta da makunninta. A cikin kowace HS5 akwai amfilifaya har biyu, ɗaya mai wat 45 tana tura babban kwanon da ke fitar da kauri, ɗaya mai wat 25 tana tura ƙaramin da ke sama. Ramukan da ke bayanta an yi su ne don karɓar siginar da ba ta wuce 'yan bolt kaɗan ba. Idan ka ɗauko wayar da ke fitowa daga amfilifayar da aka ƙera don tura sifika kai tsaye ka cusa a wannan rami, za ka iya ƙona mashigar sifikar, wani lokaci har da ita amfilifayar. Saboda haka wannan shawara ka ajiye ta gefe.

Abokan aikinka biyu kuwa kowannensu ya faɗi wani ɓangare na gaskiya. Sautin da ke cikin kwamfuta lambobi ne, sifika kuma ba ta san lamba ba, wutar da ke hawa da sauka kawai ta sani. Na'urar da ke mayar da lambobin su zama wannan wuta ita ce DAC, kuma akwai ta a cikin laftof ɗinka, da wayar hannunka, da talabijin. Wato kana da DAC tun kafin a ce ka saya; matsalar ita ce wadda ke cikin laftof tana zaune ne a tsakiyar hayaniyar wutar kwamfuta, kusa da abin da ke caza batir da sauran sassan da ke kunnuwa suna mutuwa dubban lokuta a daƙiƙa guda, kuma ramin da take fitar da sautin an yi shi ne don hedifon mai gajeriyar waya.

Firiyam kuma suna ne da ake kiran na'urori uku mabambanta da shi, kuma nan ne masu saye suka fi rikicewa. Akwai firiyam na makirufo, wanda aikinsa shi ne ɗaga siginar makirufo, wadda ba ta wuce kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya ba, zuwa matakin da za a iya ɗauka. Akwai firiyam na faifan garmaho, wanda wata tambaya a ƙasa ta taɓo. Akwai kuma firiyam na kayan sauraro na falo, wanda a zamanin nan da wuya ya ɗaga komai; abin da yake yi shi ne ya ba ka damar zaɓar na'urar da za ka saurara, ya kuma ba ka abin murɗa ƙara guda ɗaya. Abokinka na biyu wannan na ukun yake nufi, kuma ya yi daidai da ya lura cewa kana buƙatar abin murɗa ƙara a gabanka. Sai dai yawancin irin waɗannan firiyam masu sauƙin kuɗi ramukan RCA suke da su, ja da fari irin na tsohuwar bidiyo, kuma ba za su raba ka da zuuu ɗin da ke damunka ba.

Abin da ya dace da kai shi ne akwatin da 'yan situdiyo ke kira saunkad, irin wanda ake jonawa da USB. A cikin akwati ɗaya za ka sami DAC, da babban abin murɗa ƙara da ke juya sifikun biyu a tare, da firiyam na makirufo mai wutar bolt 48 da makirufo irin na kondensa ke buƙata, da ramin hedifon. Tunda ka ce kakan ɗauki murya, ba na ganin dalilin da zai sa ka sayi DAC daban yau, gobe kuma ka dawo kasuwa neman abin da za ka soka makirufo. Akwai ƙarin fa'ida ga mai aiki da manhajojin haɗa sauti irin su FL Studio ko Cubase a kan Windows: manyan kamfanonin da ke ƙera saunkad suna ba da direba, wato manhajar da ke haɗa saunkad da kwamfuta, irin ta ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, wadda ke rage jinkirin da ke tsakanin lokacin da mai magana ya furta kalma da lokacin da zai ji ta a kunnensa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ba kowane saunkad ne zai magance maka ƙarar ba, sai wanda yake da mafita mai balans. Wayar da ka yi amfani da ita yanzu jijiya ɗaya gare ta da ke ɗauke da sauti zuwa kowace sifika, sai ragar da ta lulluɓe ta. Duk wata hayaniyar wuta da ta hau kan wayar tare da sautin za ta shiga sifika. Waya mai balans kuwa jijiya biyu gare ta bayan ragar, kuma mashigar sifika ba ta sauraron kowace jijiya ita kaɗai, bambancin da ke tsakanin su biyun take ɗauka. Tunda hayaniyar da ta hau a hanya ta hau kan jijiyoyin biyu ne daidai wa daida, idan aka ɗebe ɗaya daga ɗaya sai ta ɓace, sautin ya rage. Wannan dabara ce ta sa ake iya jan wayar makirufo mita hamsin a filin taro ba tare da ƙara ba. Za ka gane waya mai balans da kanta: ko dai XLR mai ƙafa uku, ko babban jak mai baƙin zobe biyu da ake kira TRS. Jak mai zobe ɗaya, irin na gita, ba shi da balans ko da ya shiga ramin daram.

Don haka kafin ka biya kuɗi, juya akwatin ka dubi bayansa. Focusrite Scarlett 2i2, da Audient iD4, da MOTU M2, da SSL 2, duk suna da mafitar TRS mai balans, kuma kowannensu zai yi maka aikin. Behringer UM2, wanda ya fi su arha nesa, ramukan RCA ne a bayansa. Scarlett Solo ma sai an lura, domin zubi na farko da na biyu RCA suke da shi, sai daga zubi na uku da ya fito a 2019 aka sa masa TRS. Mai sayen na hannu yana iya ɗaukar tsohon zubi bai sani ba, tunda dukkansu jajaye ne. Idan ka samu wanda ya dace, sai ka sayi wayoyi biyu masu TRS a wannan kai, ɗaya kan kuma TRS ko XLR namiji, domin HS5 tana karɓar kowanne. Waya mai tsada ba ta da wani sirri, abin dubawa shi ne an liƙa kawunan da kyau kuma ragar ba ta tsinke ba. Wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma yana iya haɗa tasa: a XLR ƙafa ta 1 raga ce, ta 2 da ta 3 su ne jijiyoyin sauti.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi da wayar laftof wanda ya kamata ka sani kafin saunkad ɗin ya zo. Ƙaramin jak na hedifon shi ma zobe biyu gare shi, amma ma'anarsa daban ce: jijiya ɗaya hagu ce, ɗaya dama. Idan aka sa masa adafta aka cusa shi a ramin TRS na sifika guda, sifikar za ta ɗebe dama daga hagu, kuma duk abin da ke tsakiyar sautin, wato muryar mai magana da kaurin ganga, sai ya dushe ko ya ɓace gaba ɗaya, a bar ka da amsa-kuwwa da gefen kiɗa. Mutane da dama sun mayar da sifika lafiyayya shago saboda wannan. Wayar da ta dace a irin wannan hali ita ce mai rassa biyu, ƙaramin jak a wannan kai, manyan jak biyu masu zobe ɗaya a ɗaya kan.

Bayan ka haɗa, sai batun daidaita mataki. Kayan situdiyo suna aiki ne a kan ma'aunin +4 dBu, wato kimanin bolt 1.23, kayan gida kuma a kan −10 dBV, kimanin bolt 0.32, tazarar da ke tsakani ta kusa dB 12 (dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti ne), kusan ninki huɗu ke nan. A bayan HS5 abin murɗawar yana da ɗan maƙale a tsakiya inda aka rubuta +4 dB, kuma can ƙarshe an rubuta −10 dB. Da saunkad, ka ajiye duka biyun a wannan maƙalen na tsakiya, kada ka sake taɓa su. Hakan zai sa hagu da dama su yi daidai, kuma zai rage siririyar shuuu da ake ji idan an ƙure sifika. Ƙarar manhajar kwamfuta ka bar ta a sama, ka riƙa sarrafa komai da abin murɗawar saunkad. Sai dai idan ka ga ɗan taɓawa kaɗan ya sa ɗaki ya ɗauka, to rage na bayan sifikun kaɗan, har sai ƙarar da ka saba aiki da ita ta faɗo wajen rabin murɗawa.

Ra'ayina a kan wanne za ka zaɓa cikin huɗun nan shi ne kada ka wahalar da kanka. Bambancin sautin DAC ɗinsu ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da abin da ɗakinka ke yi wa sauti. Ɗaki mai tayil a ƙasa, da bangon siminti, da silin na roba, yana iya ƙara wa wani kauri dB goma ya rage wa wani, alhali DAC mafi arha a cikinsu bai kauce da ko rabin dB ɗaya ba. HS5 ramin iskarta a baya yake, don haka idan ka manna ta da bango kaurin zai kumbura. Akwai makunni a bayanta na rage wannan da dB 2 ko 4. Ka ɗaga su har ƙaramin kwanon ya zo daidai kunnenka, ka sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka, ka shimfiɗa kafet, ka rataya labule mai kauri. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya shanye kauri, ƙura kawai yake tarawa. Idan akwai rarar kuɗi bayan saunkad, a nan ya kamata ta tafi.

TAMBAYA: Malam, ni ba na ɗaukar komai, sauraro kawai nake yi. Maigidana ya kawo mini sifikun situdiyo ƙirar JBL 305P MkII guda biyu, kuma ina so in riƙa jin karatu da kiɗa daga kwamfuta, da kuma sautin talabijin, ba tare da cire waya ina mayarwa ba. Na ga ana tallar DAC masu 32-bit da 384 kHz, har da 768 kHz. Shin waɗannan lambobi suna nufin ya fi daɗin ji? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ke kam DAC ce ta dace da ke, ba saunkad ba, domin saunkad ta USB kaɗai yake karɓar sauti a mafi yawan ƙananan ƙira, kuma za ki biya kuɗin firiyam na makirufo da ba za ki taɓa amfani da shi ba. Amma ba kowace DAC ba. Ki nemi wadda ta haɗa abubuwa uku: mashigar USB don kwamfuta, mashigar haske da ake kira Toslink don talabijin, da abin rage ƙara, zai fi kyau idan da rimot. Irin wannan akwati shi ne DAC da firiyam a haɗe, kuma kamfanonin Topping da SMSL na ƙasar Sin suna ƙera su da yawa, RME ta Jamus kuma tana da ADI-2 DAC ga wanda aljihunsa ke da nauyi. Idan za ki samu mai mafitar XLR ya fi. Idan RCA kawai gare ta, kamar Topping DX3 Pro+, za ta yi aiki muddin wayar ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba, sai a yi amfani da waya mai RCA a kai ɗaya da babban jak mai zobe ɗaya a ɗaya kan.

Batun abin rage ƙara ba ƙawa ba ne. Akwai DAC da dama da ke fitar da cikakken ƙarfi kullum, kimanin bolt 2 ta RCA ko bolt 4 ta XLR, domin an ƙera su ne a kan cewa akwai firiyam a gabansu. Idan aka jona irin wannan kai tsaye da sifika mai amfilifaya, ƙarar kwamfuta ce kaɗai ta rage a matsayin birki, kuma ranar da wata manhaja ta mayar da ita ɗari bisa ɗari, ko yaro ya danna abin da bai sani ba, kunne da sifika duka za su ji a jikinsu. Da talabijin ma abin ya fi muni, domin a yawancin talabijin mafitar haske ba ta bin rimot, cikakken ƙarfi take turowa. Wasu DAC suna da yanayi biyu a cikin saitinsu, na ƙarfi tsayayye da na firiyam, don haka a tabbatar an zaɓi na biyun kafin a kunna sifika. Wanda ya riga ya sayi DAC marar abin murɗawa ba sai ya jefar ba. Akwai ƙananan akwatuna marasa wuta da ake sawa a tsakani, kamar Mackie Big Knob Passive ko JBL Nano Patch+, aikinsu rage ƙara kawai.

Ki kuma shiga saitin sauti na talabijin ki zaɓi PCM. Idan aka bar shi a kan Dolby Digital, DAC ta sitiriyo ba ta iya fassara shi, sai ki ji shiru ko wata mummunar ƙara kamar ta rediyon da ya ɓace tasha. A bayan sifikunki akwai ɗan makunni mai +4 dBu da −10 dBV. Ki fara da +4, wanda ya fi kariya, sai idan kin ga ƙarar ba ta isa ba ki koma ɗayan.

Game da lambobin, amsar a taƙaice ita ce a'a. Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗauke da sauti ne a kan 16-bit da 44.1 kHz, wato ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar ita ce ana iya kama duk sautin da bai kai rabin wannan adadi ba, wato har kusan 22 kHz, alhali kunnen matashi mai lafiya a wajen 20 kHz yake tsayawa, na manya kuma ƙasa da haka sosai. Kowane bit yana ba da kimanin dB 6 tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniyar ƙasa, don haka 16-bit ya ba da kusan dB 96, wanda ya zarce abin da falo mai fanka da ƙarar babura a waje zai bari a ji. Sautin talabijin da bidiyo a kan 48 kHz yake. Amfanin 24-bit ko 32-bit a cikin DAC shi ne yana ba ta sarari ta rage ƙara ta hanyar lissafi ba tare da sautin ya lalace ba, kuma wannan kusan duk DAC ta zamani tana da shi. Abin da ya wuce haka talla ce. Ki zaɓa bisa ramukan da kike buƙata da kuma rimot.

TAMBAYA: Na bi shawarar mutane na sayi saunkad mai kyau, amma har yanzu sifikuna suna gunji, musamman idan cajar laftof tana jone ko an tayar da janareta. Idan na motsa linzamin kwamfuta har wani tsit-tsit nake ji. Wani mai gyara ya ce in karya ƙafar ƙasa ta filogin sifikun. In yi? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Kada ka yi, ɗan'uwa. Ƙafar nan ta uku ita ce hanyar da wuta za ta bi ta tafi ƙasa idan wani abu ya lalace a cikin sifika ya taɓa ƙarfen bayanta. Idan ka karya ta, gunjin yana iya tafiya, amma ranar da aka samu matsala jikinka ne zai zama hanyar, ko jikin wanda ke riƙe da makirufo. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Abin da ke damunka shi ne na'urorinka suna haɗe da ƙasa ta hanya fiye da ɗaya, ta wayar wuta da kuma ta ragar wayar sauti, sai wata ƙaramar wuta ta riƙa zagayawa a cikin wannan da'ira. Wutar Najeriya da ta Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa gunjin yake da kauri, a 50 Hz da ninkinsa 100 da 150. Tsit-tsit ɗin da ke bin linzami kuwa hayaniyar cikin kwamfuta ce ta biyo ragar USB. Kafin ka sayi komai, ka yi gwajin da ba ya cin ko sisi. Cire wayar sauti daga bayan sifika ka bar ta a kunne: idan gunjin yana nan, to daga wutar ne ko daga sifikar kanta, idan ya tafi, ta hanyar sigina yake shigowa. Mayar da wayar, ka zare cajar laftof: idan shiru ya samu, ka gano inda da'irar take rufewa. Sannan ka dubi kawunan wayoyinka ka ƙirga zobe, domin sau da yawa mutum yakan sayi saunkad mai balans ya haɗa shi da wayar gita, ya zubar da duk amfanin.

Idan wayoyin daidai suke, ka jona kwamfuta da sifikun biyu a soket mai reshe guda ɗaya, maimakon ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan. Ka raba wayoyin sauti da na wuta, idan dole su haɗu su gitta juna, kada su kwanta a jere. Ka nisanta wayar hannu daga sifika. Caja ta jabu tana daga cikin manyan masu jawo wannan matsala, kuma sauya ta da ta asali yakan wadatar. Idan duk an yi bai tafi ba, akwai ɗan akwati mai tiransifoma a ciki da ake sawa tsakanin saunkad da sifika, kamar Behringer HD400, wanda ke wuce da sauti ya yanke hanyar ƙasa ba tare da an taɓa filogi ba. Akwai kuma ƙananan na'urori masu yanke hanyar ƙasa a wayar USB, amma a kula: masu arhar suna tsayawa ne a gudun megabit 12, alhali yawancin saunkad suna buƙatar 480, don haka kwamfuta ba za ta ma gan shi ba.

Janareta da inbata nasu babi daban ne. Ƙaramin janareta ba ya riƙe ƙarfin wuta da saurin juyawarta a wuri ɗaya, inbata mai arha kuma wutar da take fitarwa mai matakala ce, ba mai laushin lanƙwasa irin ta layi ba, kuma wannan yakan sa tiransifoman cikin sifika ya yi kuka ya kuma yi zafi. Ga situdiyo, inbata mai tsantsar igiyar sayin (pure sine wave), wato mai fitar da wuta mai laushin lanƙwasa, ita ce ta dace, ko da ƙarama ce da za ta ɗauki kwamfuta da sifika kawai. Gidaje da yawa kuma soket ɗinsu yana da rami uku amma ba a taɓa haɗa na ukun da ƙarfen ƙasa ba; wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. Ka saba da kunna sifika a ƙarshe da kashe ta da farko, kuma idan an ɗauke wuta ka kashe makunninta kafin a dawo da ita. Wanda zai sayi sifika ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka ya karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta, domin can bolt 120 suke amfani da shi, kuma ba kowace sifika ce ke karɓar 230 ba.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya bar mana na'urar juya faifai da tarin fayafayan garmaho. Na jona ta da saunkad ɗina, sautin ya fito can ƙasa-ƙasa kuma babu kauri ko kaɗan. Ta lalace ne? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Allah Ya ji ƙan mahaifinku. Da alama lafiyarta ƙalau, firiyam na faifai ne ba ka sa ba. Allurar irin wannan na'ura kimanin kashi 5 cikin 1000 na bolt take fitarwa, don haka tana buƙatar a ɗaga ta da wajen dB 40. Ban da haka, tun lokacin yanka faifan an rage kauri an ƙara siriri da gangan, don tsagin ya yi ƙanƙanta faifai ya ɗauki waƙa mai tsawo, bisa ma'aunin RIAA da masana'antar ta amince da shi a 1954. Firiyam na faifai shi ke juya wannan ya mayar da sautin yadda yake. Firiyam na makirufo da ke cikin saunkad yana iya ɗaga ƙara, amma bai san wannan gyaran ba. Ka sayi ƙaramin firiyam da aka rubuta MM a jikinsa, domin yawancin allurai irin wannan ne, ka ɗaure siririyar wayar ƙasa da ke fitowa daga na'urar a kan dunƙulen da aka tanada a jikinsa, sannan ka kai mafitarsa zuwa mashiga biyu na saunkad a matsayin layi (line), ba na makirufo ko gita ba, da wutar bolt 48 a kashe. Idan a cikin tarin akwai fayafayai masu nauyi da saurin fashewa, masu juyi 78 a minti, waɗannan allura mai kauri daban suke so, kuma sai na'urar tana da wannan gudun.

TAMBAYA: Ina da ƙaramar mikisa da muke amfani da ita wajen taro. Zan iya sa ta a madadin duk waɗannan na'urori da ake sawa tsakanin kwamfuta da sifika? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Za ka iya, Malam, idan tana da babbar mafita ta XLR ko TRS mai balans, kuma za ta ba ka abin rage ƙara da damar haɗa na'urori da yawa. Sai dai idan ba ta da USB, har yanzu DAC ɗin cikin laftof ce ke aiki, da duk hayaniyarta, don haka ka ƙara da ƙaramar DAC ta USB kafin mikisar. Ka tsayar da maɓallan kauri da siriri na layin a tsakiya, ka kashe eko, ka rufe duk layukan da ba ka amfani da su, domin kowane layi da aka bari a buɗe yana ƙara tasa shuuu. Idan mikisar irin wadda ke da amfilifaya ce a ciki, ka nemi ramin da aka ware don layi ko don monita, ka nisanci waɗanda aka rubuta wat da om a kusa da su.